Wasan Kaka a Bakin Tafkin Kainji

Duk wanda ya tsaya yau a bakin ruwa a Wara, cikin ƙasar Ngaski, ya miƙa ido yamma, zai ga ruwa shimfiɗe har iyakar ganinsa, ya yi tsammani haka wurin ya ke tun fil azal. To, ubana ya girmi tafkin nan. A ƙarƙashinsa akwai gonaki da kasuwanni da kushewun mutane, har da filin kokawar kakannina. Ina so in ba masu karatu labarin yadda wannan ya faru, da na wani wasan kaka da na gani ina yaro a shekarar 1989, domin a wurin wasan nan na fara sanin cewa garinmu yana da wani gari a baya.

Kafin in shiga labarin wasa, ya kamata in bayyana ƙasar tukuna, domin wanda bai san asalin rafi ba, ba ya gane inda ya nufa.

Kogin Kwara ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratso Mali da Nijar, sa'an nan ya shigo Nijeriya. Tsawonsa ya kai kimanin mil 2,600. Da ya iso ƙasar Yauri sai ya rarrabu, ya bar tsibirai a tsakiyarsa, manya da ƙanana. Tsibiri shi a ke kira gungu, mutanen da ke zaune a kansu kuwa Hausawa suka sa musu suna Gungawa. Su a bakinsu Bareshe su ke kiran kansu. Ban da su akwai Kambari da Dukawa a tudu, da Shangawa a arewa, da Lopawa a kudu, da Sarkawa masunta, da Fulani masu shanu. Hausar da ta haɗa su duka ita ce harshen fada da kasuwa. Marubutan tarihi sun lissafa Yauri cikin Banza Bakwai, tsohon birninta kuwa shi ne Bin Yauri, wanda har yanzu a ke ganin kufan ganuwarsa.

Sa'ad da aka soma jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1804, Sarkin Yauri Muhammadu Albishir ɗan Ayi ya zaɓi amana, saboda haka sarauta ta zauna a gidansu, suna ƙarƙashin Gwandu. A zamaninsa ne wani Bature mai suna Mungo Park ya biyo kogi cikin jirginsa yana neman inda Kwara ta ƙare. Ya wuce Yauri, ya halaka a duwatsun Busa a wajen farkon 1806. A 1830 waɗansu Turawa biyu 'yan'uwan juna, Richard Lander da ƙanensa John, suka zo Yauri neman takardunsa. Suka yi wajen mako 5, ba su sami abin da su ke nema ba, suka gangara kogi har suka isa teku a cikin shekarar.

Bayan wannan sai ƙasa ta shiga wahala. 'Ya'yan sarki suka yi ta jayayya a kan gado, mayaƙan Kontagora kuma suna kawo hari suna kama mutane. A irin wannan lokaci gungu ya fi ganuwa, gama doki ba ya iyo da mahayi da sulke. Har sarauta ma ta taɓa ƙaura zuwa tsibirin Ikum. A 1888, zamanin Sarki Abdullahi Abarshi, aka zaunar da gadon sarauta a Yelwa, inda ya ke har yau. Da Turawa suka zo, suka fara sa Yauri cikin Lardin Kontagora, daga baya suka mai da ita Lardin Sakkwato. Sarki Abdullahi ya yi mulki daga 1923 zuwa 1955, Sarki Muhammadu Tukur ya gaje shi har 1981. A zamanin Sarki Tukur ne ruwa ya zo.

Yanzu bari in faɗi yadda zaman gungu ya ke, kamar yadda kakana ya ba ni labari. Kwara tana cika sau biyu a shekara. Na farko farin ruwa, watau ruwan daminar ƙasarmu, mai laka, wanda ke zuwa wajen Agusta da Satumba. Na biyu baƙin ruwa, watau ruwan da aka yi can Gini, wanda ya daɗe a hanya, ya zubar da lakarsa cikin fadamun Mali, ya iso mana garau a tsakiyar hunturu. Da waɗannan ruwaye biyu Bagunge ke lissafin shekararsa. Da damina ya noma gero da dawa a tudun gungu, da shinkafa a fadama. Da rani ya dasa albasa a gaɓar kogi inda laka ta kwanta, yana ɗiban ruwa da ƙwarya yana ba ta. Albasar Yauri ta yi suna ƙwarai, fatake suna zuwa daga nesa su saya. Tsakanin noma da noma sai su, da birgi da mamari da gura. Saurayi kuma ba ya samun mata sai ya yi wa surukinsa noma, ya kuma nuna kansa a filin kokawa.

Babban abokin gābar manomin gungu dorina ce. Dare ɗaya ta ke shiga gonar shinkafa ta bar ta kamar an yi sussuka. In ɓarnarta ta yi yawa, sai maza su haɗa jirage su fita da zago, watau mashin da a ke ɗaura wa igiya. Wannan farauta tana bukatar matuƙa masu sauri da haɗin hannu, gama in jirgi ya yi jinkirin juyawa, dorina ta kife shi. Daga nan ne, in ji manya, tseren jirage ya samo asali: samari suna gwada hannunsu kafin ranar gaske. Da Turawa suka ga wasan, suka kira shi da sunan tseren jirage na harshensu, bakin mutanenmu ya mai da kalmar Rigata. A kan shirya shi a Yelwa in babban baƙo ya zo.

A 1964 aka fara gina madatsar ruwa a tsibirin Kainji, kudu da Busa, domin samar wa Nijeriya wutar lantarki. Wani kamfanin Italiya ya yi ginin. Tsayin bangon ya kai kimanin ƙafa 215. A 1968 aka gama, aka toshe kogi, a watan Fabrairu na 1969 kuma Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta. Ruwa ya koma baya har wajen Yelwa, ya zama tafki mai tsawon kimanin mil 85. Tsohuwar Busa ta nutse, da duwatsun da suka ci Mungo Park, da babban tsibirin Foge, da gungaye masu yawa. Fiye da mutum 40,000 aka tayar, aka gina musu sababbin garuruwa a tudu.

A ɗaya daga cikin garuruwan nan aka haife ni a 1980. Ɗakunanmu na bulon siminti ne, da rufi mai lanƙwasa, an jera su layi layi. Tsofaffi ba su taɓa sabawa da su ba. Kakana ya gina bukkarsa ta laka da jinka a bayan gida, a nan ya ke kwana, ɗakin siminti kuwa ya bar wa awaki da buhunan hatsi. In aka tambaye shi dalili sai ya ce, "Ɗakin da ban kwaɓa ƙasarsa ba, bai san ni ba." Gaɓar albasa ta tafi, gama ruwan tafki yana ja da baya mai nisa, ba kamar kogi ba. Ƙasar tudu kuma ba ta da ƙarfin laka. A shekarun farko kifi ya yi yawa har masunta suka yi ta zuwa daga ƙasashe, daga baya ya ragu. Mu yara kuwa ba mu san an yi hasarar kome ba. Da asuba mu tafi makarantar allo, da hantsi mu tafi ta boko, da la'asar mu faɗa ruwa. Da dare mu yi karatu da fitilar kwano, domin a lokacin ƙuruciyata wutar da ruwanmu ke haifarwa ba ta iso garinmu ba.

To, a shekarar da na ke magana an yi damina mai albarka, rumbuna suka cika. Da hunturu ya kama, baƙin ruwa ya iso, tafki ya cika maƙil, sai dattawa suka taru a ƙofar gidan mai gari suka sa ranar wasa. Aka aika da goro ga garuruwa uku na kusa, waɗanda dā gungayensu ke maƙwabtaka da namu. Kwana bakwai kafin ranar, ba wanda ya huta. Mata suna daka, sai ka ji lugude ko'ina. Inna da kishiyarta suka banda tarwaɗa da kurungu, suka dama fura cikin masakai. Samari suka jawo jirage tudu, suna toshe tsaguwa da tsumma, suna gyaran filafilai. Mu kuwa aikinmu ɗauko ruwa da share fili, da cin dukan wanda aka kama yana taɓa kifi.

Ran wasa da sassafe muka ji kiɗa daga kan ruwa kafin mu ga kowa, gama hazo ya rufe tafki. Can sai jiragen baƙi suka ɓullo ɗaya bayan ɗaya, makaɗi a tsaye a goshin kowane. Sarkin ruwa ya tarye su a gaɓa, aka gaisa da Gunganci, tsofaffi suna rungumar juna, waɗansu har da hawaye, domin a gungu kullum su kan haɗu, a tudu kuwa sai shekara shekara. Aka raba baƙi gida gida. Ba a tambayar wanda ya shigo ko ɗan wane ne, sai a tura masa akushi.

Bayan azahar aka fara kokawa. Aka yi da'ira, dattawa a kan tabarmi, 'yan mata a gefe guda da sababbin zannuwa. Ƙananan yara ke fara shiga. Ni ma aka tura ni, wani ɗan baƙi da bai kai ni tsawo ba ya ɗaga ni ya shimfiɗe tun ban gama gyara tsayuwa ba. Na tashi da ƙasa a baki, na nufi wurin Kaka ina kuka. Ya kakkaɓe mini baya ya ce, "Malam ƙarami, ka iya biya allo, ba ka iya karanta ƙafar mutum ba. Je ka ka ba shi hannu." Na je na ba shi. A kokawarmu haka a ke yi, wanda ya yi kaye shi ke tā da wanda ya kayar, ba a barin fili da fushi. Sa'an nan manya suka shigo da warki da guraye, ganga ta sake murya. Duk wanda ya yi kaye sai a ɗauke shi a kafaɗa, mata su yi guɗa, a liƙa masa kuɗi a goshi.

Kashegari ne ranar tsere. Jirage huɗu za su tashi daga gaɓa, kowane da matuƙa 12, su kewaye wata busasshiyar ƙirya da ke tsaye cikin ruwa can nesa, su komo. Tun da na yi wayo na ke ganin itacen nan, tsuntsaye suna sauka a kansa, ban taɓa tambayar abin da ya kai itace tsakiyar tafki ba. Baffana, ƙanen ubana, shi ke riƙe da jirgin garinmu. Da dare na ji Kaka ya kira shi.

Ya ce, "In ka iso ƙirya, ka ba ta hannun hagu da nisa. Kada ka matse ta ta gabas."

Baffa ya ce, "Baba, ai ta gabas ta fi kusa. In na buɗe, sai su sha gabana."

Kaka ya ce, "Na dai faɗa maka."

Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Amma na ga a fuskarsa bai ɗauka ba. An haife shi shekara 5 kafin tashi, bai tuna gungu ba.

Da hantsi aka buga bindiga, jirage suka zabura. Filafilai suna shiga ruwa tare suna fita tare, makaɗi yana ba su ƙafa. Jama'a suka bi gaɓa da gudu suna ihu, kowa yana kiran sunan garinsu. Namu ne a gaba da tsawon jirgi guda. Da suka iso ƙirya, sai muka ga Baffa ya karkata ya matse ta ta gabas. Nan take jirgin ya tsaya cik, kamar an riƙe shi da hannu, matuƙa biyu suka faɗa ruwa. Abin mamaki, da suka miƙe sai ga ruwa iyakar cinyarsu, a tsakiyar tafki! Kafin su tura jirgin ya sauka, sauran uku sun kewaye sun kama hanyar gida. Mu ne na ƙarshe.

Gari ya yi tsit, ban da baƙi da ke guɗa. Baffa ya fito jiƙe, bai iya duban kowa ba. Kaka kuwa dariya ya ke yi har yana riƙe ciki. Da Baffa ya durƙusa gabansa sai ya ce, "Ka hau dutsen shanyar uwarka." Tsofaffin da ke wurin, namu da baƙi, suka fashe da dariya gaba ɗaya, gama duk sun san dutsen. Can kuma dariyar ta mutu, ba wanda ya ƙara cewa kome.

Da daren nan na tambaye shi. Ya ce, "Bari ruwa ya ja, in kai ka." Ya cika alkawari. Da farkon damina, lokacin da tafki ke ƙasa ƙwarai, ya sa ni a ƙaramin jirginsa muka tafi. Muka tarar da tudu ya fito fili, laka ta bushe ta tsattsage. Ga ƙirya tsaye har gindinta, ga falalen dutse gabas da ita. Ya riƙe hannuna yana tafe yana nunawa. Nan filin kokawa, a nan ya kā da wane, a nan wane ya kā da shi. Nan ƙofar gidanmu. Waɗannan duwatsu da ke kewaye, a kansu rumbun ubansa ya zauna. Muka tsinci ɗan dutsen niƙa da gutsattsarin tukwane. Sa'an nan ya nufi wani wuri da ba shi da alamar kome, ya tsaya, ya tuɓe takalmansa, ya yi addu'a mai tsawo. Ya ce a nan ubansa da uwarsa su ke, da 'ya'yansa biyu da ƙyanda ta ɗauke.

Ya gaya mini yadda suka tashi. Ma'aikata sun zo tun da wuri sun ƙidaya ɗakuna da itatuwa, sun ce ruwa zai kai wuri kaza. Mutane da yawa ba su gaskata ba, suna cewa kakanninsu sun ga cikar Kwara iri iri, ba ta taɓa hawa dutsen shanya ba. Da ruwa ya soma hawa bai koma ba, sai aka yi ta jigila da jirage, hatsi da awaki da tsofaffi. Shi ne na ƙarshen fita daga gidanmu. Ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai, kaji da suka hau rufin ɗaki suka ƙi kamuwa.

Kaka ya rasu a 1994. Ɗan dutsen niƙan nan yana wurina. Tun daga lokacin abubuwa da yawa sun sake. A 1991 aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, daga baya ƙasar Yauri ta zama ƙananan hukumomi uku, Yauri da Ngaski da Shanga. A 1999 Dokta Muhammadu Zayyanu Abdullahi ya hau gadon sarauta. A 'yan shekarun nan masarauta da gwamnatin jiha sun raya Rigata, ana yinta a Yelwa da manyan baƙi da jirage masu ado, abin sha'awa ƙwarai. Wasan ƙauye irin namu kuwa ya yi rauni, samari sun tafi birane, jiragen inji sun maye gurbin filafili. Ni ina jin Gunganci amma bakina ya yi nauyi, 'ya'yana kuwa sai gaisuwa kaɗai suka iya.

Ruwan kuma bai daina karɓar rayuka ba. A watan Mayu na 2021 wani jirgi cike da 'yan kasuwa da mata da yara ya nutse kusa da Wara, mutane masu yawa suka halaka, Allah ya ji ƙansu. Duk matuƙin da ka tambaya zai gaya maka abubuwa uku ya ke tsoro a tafkin nan: iska, da lodin da ya wuce kima, da abin da ke ɓoye a ƙarƙashi. Na ukun nan tsofaffin gungu sun san shi kamar tafin hannunsu, domin a kansa suka yi rarrafe.

Wanda ya ke da shekara 10 sa'ad da ruwa ya zo, yanzu ya kusa 70. Saura kaɗan su ƙare. Saboda haka ina roƙon duk mai karatun da ke da irin tsohon nan a gidansu, a Yauri ko Ngaski ko Shanga, ya sami littafi da alƙalami ya zauna kusa da shi. Ya tambaye shi sunan gungunsu, da unguwanninsa, da inda kwarin kogi ya bi, da inda duwatsu su ke, da inda aka binne mutane. Ya rubuta yadda ya ji, da harshen da aka faɗa masa. Ni ban yi haka ba sa'ad da Kaka ke da rai, ina ganin kullum yana nan. Daga cikin sunayen da ya lissafa mini ran nan a gindin ƙirya, huɗu kaɗai na riƙe.